Kano Zuwa Gwanzu: Awa Nawa Ne A Gaskiya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu warware wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan kasuwar da ke zuwa saro kaya Chana, daga Kantin Kwari har Sabon Gari. Wani zai ce maka tafiyar awa 26 ce, wani ya rantse da Allah dawowa awa 11 da rabi kacal ya yi, ejan da ya sayar musu da tikitin kuma ya ce awa 15. Babu wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu, amma babu wanda ya faɗi adadin da ya kamata matafiyi ya yi shiri a kansa. Mu da sana'armu ita ce tsara hanya da lissafin mai kafin jirgi ya tashi muna ganin ɓarnar da wannan ruɗani ke yi: mai tarya ya je filin jirgi ranar da ba ita ba, a biya kuɗin otal na daren da ba a kwana ba, mafi muni kuma mutum ya iske jirginsa ya tashi tun jiya.

Abin da ba ya canzawa shi ne nisa. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, digiri 8 da rabi gabas da layin Greenwich. Filin Baiyun na birnin Gwanzu, wanda ake rubuta Guangzhou a jikin tikiti, yana digiri 23 da ɗoriya arewa, digiri 113 gabas. Idan aka ɗauki ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta aka ja zare tsakanin wuraren biyu har ya miƙe, tsawon zaren zai yi daidai da kimanin kilomita 10,900. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, ke nan tafiyar ta ɗan haura rubu'insa. Mai dubawa a waya zai iya ganin 6,800 a wani shafi, ya ga 5,900 a wani, ya zaci ɗaya kuskure ne. Na farko mil ne na ƙasa, mai kilomita 1.609. Na biyu mil ne na ruwa, mai kilomita 1.852, wanda matuƙa jirgi da masu ba su hanya suke aiki da shi. Nisan ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

Wannan zaren ba gabas sak yake yi ba, kamar yadda shimfiɗaɗɗiyar taswirar bango ke nunawa. Daga Kano arewa maso gabas yake nufa. Yana bi ta saman Nguru, ya yanki gefen jihar Diffa a Nijar, ya wuce arewacin Tafkin Cadi, ya ratsa hamadar Cadi da arewacin Sudan, ya haye Bahar Maliya, ya shiga Saudiyya tsakanin Jidda da Madina. Daga nan sai wajejen Baharen, kudancin Iran, Pakistan, saman birnin Delhi inda yake kaiwa ƙarshen arewarsa a kusan digiri 29, sannan ya gangaro ta Nepal da arewa maso gabashin Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar, ya faɗa Chana ta lardin Yunnan.

Jirgin da zai bi wannan layi ba tare da ya sauka ko'ina ba zai yi kimanin awa 13. Ba nisan ne ya hana a yi hakan ba. Boeing 787 da Airbus A350 suna iya cin kilomita 14,000 ko fiye a tashi ɗaya, kuma a yau akwai jirgin da ke tashi daga Singafo zuwa New York, sama da kilomita 15,000, awa 18 da ɗoriya a sama. Abin da ya hana shi ne lissafin kasuwa: cika kujera 300 daga gari ɗaya zuwa gari ɗaya a kai a kai, zuwa da dawowa. Shi ya sa ake tara fasinjojin Kano da na Legas da na Kinshasa a wata babbar mahaɗa, a zuba su jirgi guda.

Mahaɗun da matafiyan Kano suka fi sani uku ne: Adis Ababa, Alƙahira da Doha. Ta Doha, zangon farko kimanin kilomita 4,750 ne, na biyu 6,200, jimilla 10,950. Doha kusan a kan zaren take zaune, shi ya sa ba a ƙara komai ba. Ta Alƙahira 3,100 ne da 8,000, wato 11,100. Ta Adis 3,300 da 8,050, wato 11,350. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa kilomita 400 ne, abin da jirgi ke cinyewa a ƙasa da rabin awa. Don haka duk ejan da ya ce ka bi hanya kaza domin ta fi kusa bai faɗa maka komai ba. Abin tambaya shi ne ko jirgin zai ratse wani gari kafin ya kama hanya. Idan zai sauka Abuja, alal misali, kilomita 365 ne zuwa kudu, baya ke nan ga inda za a, ga kusan awa ɗaya a sama, ga wata awar a ƙasa ana sauke mutane ana ɗauka. Sau da yawa lambar jirgin ba ta canzawa, sai mutum ya ga layi ɗaya a tikiti ya ɗauka tashi ɗaya ne.

Ko waɗannan alƙaluma ma na zare ne. Jirgi ba ya miƙewa yadda ya ga dama. Sama tana da hanyoyi zanannu, daga wata alama zuwa wata, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon buɗewa ko rufe nata sararin. A yawancin doguwar tafiya wannan kaɗai yana ƙara wasu ɗaruruwan kilomita. Idan rikici ya shigo kuwa sai lissafi ya sake. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, kuma Sudan tana kwance ne a tsakiyar hanyar Kano zuwa Adis, da Kano zuwa Jidda, da Kano zuwa Doha. Alhazan shekarar 2023 shaida ne: tafiya ta ƙara tsawo, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. A ranar 6 ga Agustan 2023 Nijar ta rufe nata sararin har zuwa farkon Satumba, jiragen da ke tsakanin Turai da yankinmu suka koma zagaye. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 jiragen Ƙatar ba su da izinin bi ta saman Saudiyya da Masar da Daular Larabawa da Baharen. Pakistan ma ta rufe nata daga ƙarshen Fabrairun 2019 zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya yi tafiyar a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta ya zo yana ba da labarin awoyinsa, gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta wancan lokacin ce.

Akwai kuma inda babu yaƙi amma ana kauce masa. Tsaunukan Himalaya da tudun Tibet suna kan zaren, amma jiragen da ke wannan hanya ta kudu da su suke bi. Dalili shi ne idan iskar da aka matse a cikin jirgi ta zurare, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa ƙafa 10,000, inda mutum zai iya numfashi da kansa. Abin rufe hanci da ke faɗowa daga saman kujera minti 12 zuwa 22 yake bayarwa a yawancin jirage. Tudun Tibet kuwa shi kansa ya haura mita 4,500, kusan ƙafa 15,000, babu inda za a sauko. Haka idan inji ɗaya ya mutu, jirgi ba zai iya riƙe tsayinsa ba. A cikin Chana kuma mafi yawan sararin samaniya a hannun soja yake, jiragen fasinja suna da 'yan hanyoyi ƙalilan da suke cunkusuwa a kai, lanƙwasa ta yi yawa, jira ya yi yawa.

Sai gudu. Manyan jirage masu layin tafiya biyu a ciki, irin 787 da A350 da 777, suna yin kimanin kilomita 900 a awa idan sun daidaita a tsayin ƙafa 35,000 zuwa 41,000. Ƙanana irin Boeing 737, waɗanda akan saka a zangon Kano, suna yin wajen 830. Amma jirgi ba ya yin wannan gudu daga farko zuwa ƙarshe. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 yana hawa, kusan rabin awa yana gangarowa, kuma ƙasa da ƙafa 10,000 a wurare da yawa doka ta taƙaita shi a kimanin kilomita 460 a awa. Lokacin da ke rubuce a tikiti kuma ba daga tashi zuwa sauka ake ƙirga shi ba. Daga sa'ar da aka tura jirgi baya daga ƙofa ne zuwa sa'ar da ya tsaya a ƙofar can. A Kano tafiya daga ƙofa zuwa titin tashi 'yan mintuna ce. A Baiyun, ɗaya daga cikin filayen da suka fi cunkoso a duniya, tana iya cin minti 20 ko fiye. Wanda yake son ƙiyasi na kusa ya raba kilomitan da 850, ya ƙara minti 40. Adis zuwa Gwanzu zai ba shi awa 10 da 'yan mintuna, Kano zuwa Adis awa 4 da rabi. Kamfanoni sukan ɗan ƙara wasu mintuna a jadawali don kada a riƙa cewa sun makara, shi ya sa wani lokaci jirgi zai tashi a makare ya sauka a kan lokaci.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda zuwa ya fi dawowa sauri alhali hanya ɗaya ce. Wasu na cewa juyawar duniya ce. Da haka ne da tafiya yamma ce za ta fi sauri, domin duniya gabas take juyawa, da sai Kano ta riƙa taho wa mai dawowa. Iska tana juyawa tare da duniyar, jirgi kuma a cikin iskar yake. Ainihin dalilin wata iska ce mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a daidai tsayin da jirage ke bi, tsakanin digiri 25 da 30 na arewa, wato saman Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Chana. Da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan haura kilomita 200 a awa a tsakiyarta. Jirgi a cikinta kamar kwalekwale ne a kogi: tuƙi ɗaya, amma mai gangarawa da mai hawa ba sa isa tare.

A ɗauki zangon Doha zuwa Gwanzu a matsayin misali, kilomita 6,200, a ce iskar ta tsaya a kilomita 120 a awa duk tsawon hanya. Mai zuwa yana cin ƙasa da 1,020 a awa, ya yi awa 6 da minti 5. Mai dawowa yana cin 780, ya yi kusan awa 8. A lura da wani abu: da babu iska ko kaɗan, zuwa da dawowa awa 13 da minti 47 ne. Da iska sun zama awa 14 da ɗoriya. Abin da ta ba ka a zuwa bai kai abin da ta karɓe a dawowa ba, domin ka fi daɗewa a cikinta sa'ar da take tare ka. Masu tsara hanya sukan nemi tsakiyar iskar idan za a gabas, su kauce mata idan za a yamma ko da hakan zai ƙara kilomita. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wannan iska tana komawa arewa ta yi rauni, wata kuma ta taso a saman kudancin Indiya da Tekun Larabawa tana busawa daga gabas zuwa yamma. A wannan lokaci bambancin zuwa da dawowa yakan ragu sosai, musamman a hanyar Adis da ta fi sauran kudu.

Nauyi ma yana da hannu. Boeing 787 yana shan mai tan 5 zuwa 6 a awa, ke nan tafiyar awa 10 ta haura tan 50. A kan wannan doka ta wajabta ƙari: kaso kaɗan don abin da ba a zata ba, man da zai kai jirgi wani fili na daban idan an kasa sauka, da na minti 30 na ƙarshe wanda ba a taɓawa sai an shiga halin gaggawa. Jirgi mai wannan nauyi ba ya iya hawa can sama tun farko, sai ya ƙone mai ya yi sauƙi ya riƙa ƙara tsayi mataki-mataki. Filin Bole na Adis kuma yana kan tudu mai tsayin mita 2,300 da ɗoriya, Kano ba ta kai mita 500 ba. Iskar can ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ba ya ɗagawa da wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa dogayen jirage suka fi son tashi daga can da tsakar dare, sa'ar da gari ya yi sanyi. Haka zafin Kano na Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40, yake rage nauyin da ƙaramin jirgi zai iya tashi da shi. Idan lissafin nauyi ya ƙi, ba a rage mai, ba a cika sauke fasinja ba. Kaya ake ragewa. Ɗan kasuwa ya fi gamuwa da wannan a dawowa, inda aka sauko daga babban jirgi za a shiga ƙarami, kowa da manyan jakunkuna, cikin jirgin ya cika kafin kayan su ƙare. Samfurin kaya da takardun ciniki da magani su zauna a jakar hannu.

Yanzu ga tikitin kansa, inda gardamar ta samo asali. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin ya faru ne. Najeriya da Nijar suna gaban agogon Greenwich da awa 1. Habasha da Ƙatar awa 3. Masar awa 2, amma tun 2023 ta dawo da ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Chana awa 8, kuma duk girmanta agogo ɗaya take bi. Tsakanin Kano da Gwanzu awa 7 ke nan.

Ga misali da muka ƙirƙira don lissafi, ba jadawalin wani kamfani ba ne. Jirgi ya bar Kano ranar Litinin 13:30, ya isa Adis 20:15. A ido awa 6 da minti 45 ne, a cire awa 2 na bambancin agogo, saura 4 da 45. Na biyu ya tashi 00:30 ya isa Gwanzu 15:45 ranar Talata. A ido awa 15 da kwata, a cire 5, saura 10 da kwata. A sama an yi awa 15 cif, adadin da ejan ya faɗa. Zaman jira a Adis awa 4 da kwata. Jimillar tafiya awa 19 da kwata. Wanda ya ƙirga daga 13:30 na Litinin zuwa 15:45 na Talata bai cire komai ba shi ne mai cewa awa 26. A dawowa, a ce an bar Gwanzu 00:15, an isa Adis 06:15, awa 11 ke nan idan aka ƙara 5. An tashi 09:00, an sauka Kano 11:45, awa 4 da minti 45 idan aka ƙara 2. Da zaman jira na awa 2 da minti 45, jimilla awa 18 da rabi. Agogon bango kuwa ya nuna an tashi da tsakar dare an iso kafin azahar, shi ne mai rantsuwa da awa 11 da rabi. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da kowane lokaci agogon Kano kafin a yi ragi, a rubuta a takarda, a bar wa mutanen gida kwafi.

A nan muke roƙon jaridarka, Malam Edita, da duk mai tallata tikiti a cikinta: idan za a ambaci tsawon tafiya a faɗi jimillar daga tashin farko zuwa saukar ƙarshe, da zaman jira a ciki, a kuma faɗi sau nawa jirgi zai taɓa ƙasa. Awa 19 da awa 30 duk ana sayar da su da sunan Kano zuwa Chana, kuma mai arhar yawanci shi ne mai kwana a benci.

Wannan 00:15 da 00:30 su suka fi cin mutane. Jirgin da aka rubuta 00:15 ranar Asabar, daren Juma'a ake zuwa masa, wajen ƙarfe 9 na dare mutum yana filin jirgi. Wanda ya bari sai daren Asabar ya makara da kwana guda cur. Kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda bai hau zango ɗaya ba sauran zangunan tikitinsa sun soke, sai ya biya tara ko ya sayi sabo. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari. A Adis kuma akwai wani tarko na daban: mutanen Habasha suna ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne. Tikiti da allon filin jirgi ƙirgar awa irin ta sauran duniya suke bi, amma wanda ya kwana a gari ya tambayi direba ko ma'aikacin otal lokaci, ya tabbatar da wane agogo ake magana.

Tsawon zaman jira shi ne abin da matafiyi yake da zaɓi a kansa, kuma a nan ne sauri ke haifar nawa. Kowace mahaɗa tana da mafi ƙarancin lokacin da na'ura za ta yarda ta haɗa jirage biyu, wani wuri bai fi awa ɗaya ba. Wannan lissafin ranar da komai ya tafi daidai ne. Ana rufe ƙofar shiga minti 15 zuwa 20 kafin tashi, akwai sake binciken jaka, wani lokaci da bas ake kwaso mutane daga gindin jirgi. A ra'ayinmu ƙasa da awa 2 caca ce a wannan hanya, awa 3 zuwa 4 shi ne daidai. Daga Disamba zuwa Fabrairu a ƙara, domin hazo yakan rufe Kano har jirgin da zai ɗauke ku ya kasa sauka, ya juya Abuja ko ya koma inda ya fito. A can kuma daga Afrilu zuwa Satumba lokacin hadari da tsawa ne a Gwanzu, guguwar teku ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba. Jirgi na iya yin shawagi yana jira, ko a karkatar da shi Shenzhen ko wani fili, ko a hana shi tashi awa biyu fasinja na zaune a ciki.

Mafi muhimmanci, zangunan biyu su kasance a tikiti ɗaya mai lambar ajiya ɗaya. Idan haka ne, jirgin farko ya makara aka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya saka mutum a na gaba, kuma kaya suna wucewa kai tsaye. Idan ejan ya haɗa tikiti biyu daban-daban don ya rage farashi, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Sai an fita an karɓi kaya an sake awo, wanda yana iya buƙatar bizar ƙasar da ake ciki, kuma idan an makara asara ce ta mai tafiya shi kaɗai. A tambayi ejan wannan baki da baki kafin a biya.

Ga masallata akwai lissafin da agogon hannu ba zai yi ba. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne. A misalinmu na sama, jirgin da ya bar Adis 00:30 zai ga fitowar rana bayan kimanin awa 4, sa'ar da agogon Kano ke nuna 2:30 na dare. Alfijir ya riga ya keto kafin nan, kuma tazarar da ke tsakaninsa da fitowar rana ta gajarce da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya saita ƙararrawa a kan asubar gida zai farka hantsi ya dubi ludayi. Tagar jirgi ita ce abin dubawa, ko da ma'aikata sun rufe ta. A dawowa akasin haka ne, dare yana miƙewa, ana iya yin awa 11 cikin duhu sai dab da sauka gari ya waye. Mai azumi da ya tashi da rana zuwa yamma yininsa zai yi tsawo. Alƙibla ma tana juyawa: a Kano gabas ake fuskanta da ɗan karkata arewa, a Gwanzu yamma ce da ɗan karkata arewa, wajen digiri 285 a kamfas. Mai shan magani a kan lokaci, musamman mai allurar ciwon suga, ya ƙirga awoyin da suka wuce tun shansa na ƙarshe, ya kuma zauna da likitansa kafin tafiya. Jiki kansa yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba da tazarar awa 7, kuma zuwa gabas ya fi wuya. Ƙarfe 9 na safe a Gwanzu ƙarfe 2 na dare ne a jikin Bakano, ba lokacin ƙulla cinikin kwantena ba ne a rana ta farko.

Sauka ma ba isa ba ce. Layin shige da fice da jiran kaya da kwastan sukan ci awa ɗaya zuwa biyu, ya fi haka a lokacin baje kolin Canton, babban baje kolin birnin Gwanzu, wanda ake yi tun 1957, a Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Filin Baiyun yana kimanin kilomita 28 arewa da tsakiyar gari, akwai jirgin ƙasa na cikin birni amma ba ya aiki tsakar dare. Mai wucewa birnin Yiwu yana da sauran kusan kilomita 950 a gabansa, wajen awa 2 a jirgin sama, ban da jira.

A wurin awon kaya a duba takardar da aka liƙa wa kowace jaka kafin ta wuce. Alamar Kano KAN ce, ta Gwanzu CAN, daga tsohon sunan birnin, Canton. Harafi ɗaya ya raba su. A tabbatar alamar garin ƙarshe ce a jiki ba ta mahaɗa ba, a adana ɗan guntun da aka bayar. Idan jaka ba ta fito ba, a cike takardar rahoto a teburin kaya kafin a bar filin jirgi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan jigilar jiragen sama tsakanin ƙasashe, ƙorafin kayan da suka lalace sai a rubuce cikin kwana 7 da karɓa, na kayan da suka makara cikin kwana 21 daga ranar da suka iso hannu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan tsara tashin jirage,
Kano.